Allurar Banasare a Bakin Rijiyarmu

Ina ƙarama wani Banasare ya sauka bakin rijiyarmu tare da ayarin Abzinawa. Da la'asar ya buɗe wata 'yar batta, allura tana rawa a ciki. Ya auna zurfin rijiyar da igiya, ya rubuta a littafinsa, sannan ya durƙusa ya sumbaci gicciyen wuyansa.

Baba ya ce, "Baƙo, allurarka kake bi ko Ubangijinka?"

Wani tafinta da ke tare da shi ya mayar da amsarsa: "Allura tana nuna arewa. Wanda ya halicci arewan nake roƙo."

Maganar ta yi mini daɗi. Baba kuwa ya janye ni, ya ce, "Ibadarsa tsakaninsa da Allah. Amma in wucewa yake, me ya kai shi auna mana rijiya?"

Sai da na yi furfura 'yan'uwansa suka zo da bindigogi. Ba su tambayi kowa hanya ba.