Mai Lamba Talatin da Bakwai

Da ƙwayoyin jinin suka yi haske kore a ƙarƙashin madubin bincike, sai da mai binciken ta saki ihu. Shekara shida tana jiran ganin wannan a ɗakin gwajinsu na Ibadan: sinadarin kalsiyam na kwarara cikin ƙwayoyin da aka halitta don tsaron jiki, su kuwa sun juya suna cin mai su.

"Oga, zo ka ga ikon Allah!"

Farfesa ya leƙa, ya jinjina kai. "Yau ke za ki saya mana amala. Amma mai jinin nan, ban san yadda take taka ƙasa ba. Kowace gaɓa tata wuta ce."

Daga asibiti aka kawo jinin, lamba ce kawai a jikin kwalbar: talatin da bakwai. Ta sa nas ta kira mai lambar don a ƙara ɗiba.

Washegari da hantsi aka turo ƙofa. Ƙanwarta ce ta shigo tana dafa bango, wadda ta ɗauko daga ƙauye bara, wadda kullum take kira raguwa mai ciwon ƙarya. Ko yau ma sai da ta zube mata wanki kafin ta fito.

Allurar ɗibar jinin ta suɓuce daga hannun yayar.

Yarinyar ta durƙusa da ƙyar, tana naɗe hannun riga da kumburarrun yatsu.

"Anti, don Allah kar ki yi faɗa. Na gama masu launin, farare ne kawai suka rage."