Dodo Mai Jan Wando

Ana kunna fitilun silima 'yan kallo suka fara tsiya.

"Wannan dodo ne ko tsohuwar katifa?"

"Na littafin zanen da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, tsoro yake ba mu. Wannan kuwa sai ya ja wando, ya sosa tumbi, sannan ya yi gurnani."

Wanda ya fito a dodon yana kujerar baya, ya harɗe hannu. Bai manta marin da darakta ya sharara masa ba, har da cewa jaki ya fi shi iya kwaikwayo. Tun ranar ya samu wanda zai kwaikwaya.

Darakta ya hau dandamali zai yi godiya. Ya ja wando, ya sosa tumbi, ya buɗe baki.

Wata mata ta nuna shi, ta ce, "Ikon Allah, ga dodon can ya tuɓe riga."