Majanyin Tasalla

A kasuwar Gusau, Uwale ta tsaya gaban tsohuwa mai sayar da majanyi, tana jan kowanne ta ji ƙarfinsa.

"An samu ƙaruwa ne, 'yar nan?" in ji tsohuwar.

"A'a, Iya. 'Yata Tasalla ce za ta zo hutu. Shekararta sha huɗu."

Tsohuwar ta gane. Yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ake kwasa zuwa barikin sama, a koya musu yaƙin taurari, in sun sauko ƙafafunsu ba sa ɗaukarsu. Sai goyo.

Ta zaro mafi kauri. "Ki yi haƙuri, su ke tsare mu."

Uwale ta naɗe majanyin a hankali.

"Iya, tana wata tara fa ta fara tafiya. Gida-gida na bi da ita ina nunawa."