Akuyar Gidan Nicodim

Ilarie ya ja igiya, muƙamuƙin kan akuyar katako ya yi ƙwas, ya daka tsalle, sai ga shi tsundum cikin kwamin ruwan dabbobi. Awakin gidan suka bar tuƙa, suka zuba masa ido.

"Sannu da wanka!" Kawu Pintilie ne, maƙwabcinsu, ya jingina da shinge yana ƙyaƙyata dariya. "Wannan akuya ce ko saniya mai ciki? Yaro, miƙo kan nan gidana tun kafin ka kunyata marigayi."

A garin Runcu sabuwar shekara ba ta shiga sai akuya ta yi rawa. Kai ne na katako mai ƙahon gaske, da bargo mai launi-launi da ke rufe mutum har ƙasa, da ƙananan ƙararrawa. Namiji ne ke shiga. Shi kaɗai zai shirya a ɗakin ciyawarsa, ya fito a rufe, ya koma a rufe, don tsofaffi sun ce wanda ya ga fuskarsa, tumakinsa ɓari za su yi. Gidan da ya kasa kuwa, a ranar za a ɗauke kan a kai wani gida.

Tun kafin a haifi Ilarie kan yake gidansu. Ubansa Nicodim, duk kwarin nan babu wanda bai san akuyarsa ba. Da kakar da ta wuce, lokacin da tumaki ke saukowa daga dutse, ya kwanta da ɗan zazzaɓi, bai sake tashi ba. Hularsa tana nan rataye bayan ƙofa, har yanzu da warin hayaƙi da cuku.

Abin da ke ci wa Ilarie rai, mutumin ya tafi bai koya masa ko taku ɗaya ba. Kullum sai ya ce lokaci bai yi ba. Ko a wurin biki ba ya tashi rawa, in an ja shi sai ya ɗaga kofi ya ce, "Ƙafata ta akuya ce, ba na ɓarnar ta a banza."

Bargon ma ya ƙi ba shi haɗin kai. Ƙwaurinsa a waje yake, alhali tsawonsu ɗaya da marigayin.

"Wanki ne ya tsuke shi," in ji uwarsa Saveta, tana tuƙa tuwon masara.

"Inna, ke ba ki lura da yadda yake yi ba?"

"Ni da ban taɓa tsayawa kallo ba? Ci abincinka, ɗan nan, duk ka rame."

Gaskiya ta faɗa. Kowace shekara ƙofarta a kulle take ranar rawa, wai ganga tana sa ta ciwon kai.

Ranar ta zo da dusar ƙanƙara sabuwa fil. Ilarie ya shiga ɗakin ciyawa, ya dubi kan, kan ya dube shi. Ya fice ta baya, ya haye tudu har garken tumaki, ya zauna cikinsu yana ta hawaye, wata tunkiya tana cin igiyar takalminsa. Shi ke nan, yau Pintilie zai tafi da abin da ya rage masa na ubansa.

Sai ya jiyo sarewa. Sai ganga. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya gangaro da gudu, ya laɓe bayan tarin itace kusa da dandali. Ga akuya a tsakiya, bargo yana sharar ƙasa. Ta tunkuyi ɗiyar mai gidan burodi, ta sace hular malamin makaranta ta ƙi bayarwa, ta je gaban Pintilie ta juya masa baya ta kaɗa bindi. Jama'a sai ihu.

Da aka zo wurin da akuya ke mutuwa a rawar, ta yi turus, ta karkata kai kamar an kira ta daga nesa, ta sulale ƙasa a hankali, ƙafa ɗaya tana karkarwa. Mutum ɗaya Ilarie ya sani mai irin wannan faɗuwa. Tsigar jikinsa ta tashi. Mai sarewa ya durƙusa yana busa mata a kunne, dandali ya yi tsit, ƙanƙara tana sauka a kan ƙahon. Sai ta yi wuf ta miƙe, kamar yadda take yi kowace shekara, kamar mutuwa wasa ce.

"Ilarie! Ilarie!" jama'a ke kira. Pintilie ya tuɓe hula yana share ido. "Ja'irin yaro, ashe raina mana hankali yake yi! Ɗan ubansa ne, na janye."

Ilarie ya bi akuyar daga nesa, ta bayan gidaje. Akuyar ta shige ɗakin ciyawarsu. Ya tsaya a bakin ƙofa. A ciki wani yana haki, ƙararrawa suna lafawa ɗaya bayan ɗaya. Tumaki su yi ɓari in sun ga dama. Ya tura ƙofar.

"Baba?"

Bargon ya zame ƙasa. Saveta ta ajiye kan katakon, ta share gumi da gefen ɗankwalinta, ta harare shi.

"Rufe ƙofa, sakarai, sannan ka fita ka karɓi yabonka. Ubanka dai a nan yake ɓuya har in dawo, bai taɓa gudu garke ba."