Lambobi Biyu a Teburin Rostov

Ko ruwa Miriyamu ba ta ba Zira ba. Ta bar shi zaune kan benci a ƙofar shagonta na ɗinki, shi da ya shekara shida yana karatun likita a birnin Rostov na Rasha, ya dawo Mubi da zobe a aljihu.

Ta miƙa masa wayarta. Hoton da ya turo mata bara ne: ga shi a gidan cin abinci, ƙaton kofin giya da busasshen kifi a gabansa, a ƙasa ya rubuta, "Ni kaɗai, ina tunaninki."

"Don giya kike wannan fushin?" Ya yi dariya. "Kowa na sha a can, Miri. Sanyi ne."

"Ƙarfen nan na gefen faranti fa, na mene ne?"

Ba abin da Zira ke so irin a tambaye shi labarin Rasha. "Lamba ce. A bakin ƙofa ake karɓar rigar sanyi, kowace riga da lambarta. In da mace kuka zo, namiji ke riƙe mata tata. Wayewa ke nan."

Miriyamu ta sa yatsu ta ƙara girman hoton. Lambobi biyu ne a teburin, arba'in da ɗaya da arba'in da biyu.

Ya dubi hoton, ya dube ta. Hannunsa ya fito daga aljihu ba komai.

"Riga biyu ka sa ranar, Dokta?" Ta taka kekenta. "Tashi min daga benci, na masu kawo ɗinki ne."