Ƙwaya Tara

Tun da aka kafa na'urar raba magani a ƙofar asibitin garin, kowa ya san ba ta ɓarnar ko ƙwaya ɗaya. Awarwaron da asibitin ke sa wa majinyaci a hannu take saurara, ta ba shi daidai abin da zai sha.

Da hantsi Tasalla ta je karɓo wa mijinta, Malam Ɗanjuma, maganin hawan jini na wata. Na'urar ta gaishe ta, ta zubo ƙwaya tara.

"Baiwar Allah, ai talatin kike ba mu," in ji Tasalla.

"Tara za su isa, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi."

Matan da ke layi suka sunkuyar da kai. Huɗu na'urar ta ba mai unguwa bara, a rana ta biyar aka kai shi makwancinsa.

Tasalla ta kamo hanyar gida tana tunanin da wane ido za ta dubi Malam. Ta ɗaga hannu za ta share hawaye, sai awarwaron ya sulale mata har gwiwar hannu. Wata uku ke nan tana sanye da shi don kada a yanke musu magani, tun ranar da Malam ya tuɓe shi daga hannunsa ya ce shi ba mace ba ne.