Fuskar Lantana Tana Wajen Gyara

Tun da fuskar aro ta shigo gari, ba wanda ke fita da wadda aka haife shi da ita. Lantana mai sayar da atamfa ta zaɓi wata mai wushirya da fara'a, ta saba da ita har ba ta cire ta ko a gida.

Ranar Laraba fuskar ta tsage a kumatu, sai ta kai wa Malam Sallau mai gyara.

"Sai jibi, Hajiya," in ji shi. "In ba ki ta wucin gadi?"

"Bar shi, gida zan wuce."

Ta ja mayafi ta kama hanya. Iska tana taɓa fatarta, ta ji wani iri, amma ta ji daɗi.

A tsakar gida ta tarar da ƙaramar 'yarta, Yalwa, tana wasa. Lantana ta yi sallama, ta sauke mayafi. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

"Muryarki irin ta Mamana," in ji Yalwa. "Ki zauna, yanzu za ta dawo."

Lantana ta karɓi ruwan, ta zauna jira.